Ƙofar Banɗakin Umma

Abin kunya ne mace mai shekara talatin da ɗaya ta yi kishin yarinyar da ba ta cika shekara biyu da rabi ba, balle a ce ita ta haife ta. To ni dai na yi, kuma ba na kwana ɗaya ba.

'Yata ce, muna kiranta Manaja, don tun kafin bakinta ya buɗe take ba da umarni da ɗan yatsa. Kullum da safe nakan kai ta gidan Umma, mahaifiyata, in wuce kantin da nake aiki, inda muke sayar da maganin ƙwari da na ciyawa da irin shuka. Da yamma in biyo in ɗauke ta. Tsarin ya yi wa kowa daidai, ni ce ma na roƙa da bakina lokacin da hutun haihuwata ya ƙare. Abin da bai zo min a rai ba shi ne irin tarbar da Umma za ta riƙa yi mata.

Muna shan kwanar layin Manaja za ta fara zillo tana miƙa hannu. Umma kuwa tana tsaye a bakin ƙofa tun kafin mu iso, sai ka ce an yi mata waya. Ba ta jira mu shiga. Za ta sure ta da hannu biyu, ta manna ta a ƙirji, ta cusa hanci a wuyanta tana cewa, "Ƙawata ta zo, ƙawata ta zo." Ta sumbaci goshi, ta sumbaci kunci, har tafin ƙafar da ya sha ƙasa ba ta bari. Ni kuma ina gefe riƙe da jakar kaya kamar 'yar dako, sai an gama sannan a tuna da ni.

"Kin tashi lafiya? Ajiye jakar a kan kujera."

Rabona ke nan.

Wanda bai san Umma ba zai ce ai haka kakanni suke. Ni na san ta. Iya tunawata, matar nan ba ta taɓa rungume ni a bakin ƙofa ba. Shekara goma sha tara ta yi tana aiki a ɗakin wanki na wani asibiti, ita ke wanke zannuwan gadon masu tarin fuka da hannu, tun kafin a kawo injuna. Ina ƙarama, in na ji ƙarar sakata da yamma, nakan fito da gudu. Abin da ke tarbata gwiwar hannu ce. Takan ɗaga hannayenta sama, ta tokare ni a kafaɗa, ta ce, "Matsa, kar ki taɓa ni." Ta wuce banɗaki da jan sabulun nan mai warin asibiti, ta jawo ƙofa. Ba wanka ba ne irin na kowa, wanka ne da wanki da goge farce da burushi, sai ta yi kusan rabin awa a ciki. Na san dalili, ba yau na sani ba. Tun ina firamare aka gaya min cuta ake guje min. Na yarda, amma kafaɗata ba ta taɓa mantawa da tokarar ba.

A lokacin wata tela ce ke haya a ɗakin da ke kallon namu, muna ce mata Anti Mai Keke. Wurinta Umma ke barina. Mace ce mai jiki da yawan dariya, cinyarta ta ishi yara biyu. Tana taka keken ɗinki ina zaune a kanta, in ƙyalle ya ragu ta ɗinka wa 'yar tsanata riga. Har na girma, in ana hirar ƙuruciya nakan ce, "Ni ai Anti Mai Keke ce ta raine ni." Na sha faɗa a gaban Umma. Duk lokacin da na faɗa, sai dai ta tashi ta je duba tukunya.

Mu uku ne a wurinta. Yaya ya girme ni da shekara bakwai, shi ƙwallo ce uwarsa da ubansa, bai san ma ana wata tarba a bakin ƙofa ba. Auta kuwa ta zo ne bayan an mayar da Umma sashen guga, inda kaya ke isowa a wanke. Ita ta samu uwa mai hannu biyu. Na yi kishin Auta iya yi, na girma na ce ya wuce. Ashe kwanciya ya yi yana jiran in haihu.

Na kira Auta a waya wata rana na ɗan gutsura mata zancen. Ta yi dariya har da tari.

"Yaya, jika fa kike kishi. Ki je ki ce Umma ta ɗora ki a cinya mana, in kujerar za ta ɗauka."

"Ke ba za ki gane ba," na ce, na kashe wayar.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya zama kashi biyu. Da safe in yi kishin Manaja saboda hannun Umma, da yamma in yi kishin Umma saboda Manaja. In na zo ɗaukarta sai ta ɓuya a bayan zanen kakarta, ta leƙo da ido ɗaya kamar an turo baƙuwa. Sai an yi lallashi, an haɗa da alkawarin biskit, kafin ta yarda ta bi uwar da ta yi naƙudarta awa goma sha huɗu. Ranar wata Lahadi a gidanmu ta buge goshi da ƙafar tebur. Ina tsaye a kanta, hannuna a miƙe, ta buɗe baki ta kira Umma. Na ɗauke ta ina jijjigawa, tana ture ni tana kallon ƙofa. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Akwai wani yammaci da na tarar da su a tsakar gida. Umma ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta tana taje mata kai, a hankali, tana hura wurin da matajin ya ja. Hannayen nan nake kallo. Fatar bayansu ta yi fari-fari ta tattare saboda shekarun da suka yi cikin ruwan bilic na wanki, faratan sun yi kauri, biyu ba su ƙara fitowa daidai ba. Hannayen da na sani a sama, ga su a ƙasa suna shafa kan wata.

"Ashe hannun nan ya iya," na ce ƙasa-ƙasa.

Umma ta ɗago. "Me kika ce?"

"Ba komai. Cewa na yi mu tafi, yamma ta yi."

Ta dube ni ɗan lokaci, ta mayar da kanta ga tazarta. Umma ba ta bin magana in ta gudu, barinta take yi ta dawo da ƙafarta. Haka take da komai nata. Ƙofar banɗakinta ma, tsohuwar katako ce da aka lafta wa gwangwani daga ƙasa don ruwa ya ci ta, sau uku Yaya yana kawo kafinta ya sauya, sau uku tana korar su, wai ƙofar ba ta yi mata laifin komai ba.

A satin ne na karɓo takardar gidan renon yara da aka buɗe bayan kantinmu. Wuri ne mai tsabta, da lilo da ƙananan kujeru masu launi. Suka ce gurbi ɗaya ya rage, in cike in mayar kafin Litinin. Na cike, na manna hoton Manaja, na kai wa babanta ya sa hannu. Malamin lissafi ne a sakandare, na same shi bayan la'asar ya baje takardun jarrabawa a kan tebur yana ta zabga jan biro.

Ya karanta har ƙasa, ya cire tabarau. "Me Umma ta yi?"

"Ta shagwaɓa ta. Yarinya ba ta jin maganar kowa. Kuma can za ta koyi karatu, ta saba da 'yan'uwanta yara."

"Karatu. Shekara biyu." Ya juya biron a hannu. "Tsakani da Allah, wacce kike kishi a cikinsu?"

Na cika na batse. Na ce masa in ba zai sa hannu ba ya faɗa, ba sai ya mayar da ni ɗalibarsa ba.

"Zan sa," ya ce. "'Yarki ce, uwarki ce. Amma ke za ki gaya mata, ban da bakina. Matar nan ranar da Manaja ta yi zazzaɓi ba ta zo ba, sau tara ta kira ni ina cikin aji."

Ya sa hannu da jan biron, don shi ne a kusa. Na ninke takardar na cusa a jaka. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, kullum in shirya maganar a hanya, in na ga Umma a bakin ƙofa sai ta maƙale. Na yanke cewa Alhamis da yamma zan faɗa, ko me zai faru ya faru.

Alhamis ɗin, wajen ƙarfe biyu, wani manomi ya zo sayen maganin tsutsar tumatir. Jarkar lita biyar yake so, tana can kan kantar sama. Na taka benci na jawo ta. Ashe murfin ya tsage tun wajen sauke kaya, ba wanda ya lura. Ina karkato ta sai ji na yi abu mai sanyi ya bi hannuna, ya gangara ƙirji har cinya. Warin ya cika kantin nan take. Duk wanda ke wannan aiki ya san maganin nan ba sai an sha ba, ta fata ma shiga yake. Na tuɓe rigar aikin da ke sama, amma ta ciki ta riga ta jiƙe. Na ruga famfon bayan kanti, ya yi tari biyu ya yi shiru, tun safe ba ruwa. Mai kanti ya fasa robar ruwan sha biyu ya zuba min a hannu da wuya.

"Wannan ba zai isa ba," ya ce. "Ina ne mafi kusa da za ki samu ruwa da sabulu?"

Gidan Umma ne, tafiyar minti goma. Na yi ta a biyar, jakata a rataye a yatsa ɗaya nesa da jiki, mutane suna kaucewa suna toshe hanci.

Na tura ƙofar gidan da ƙafa. Manaja na tsakar gida tana wasa da murafen kwalba. Ba lokacin zuwana ba ne, ba ta shirya ɓuya ba. Ta ɗago ta gan ni, fuskarta ta washe gaba ɗaya, ta watsar da murafen.

"Mama," ta ce, ta taho da gudu, hannu biyu a buɗe.

Wata nawa ina jiran wannan gudun. Ban yi tunani ba, ban yanke shawarar komai ba. Hannayena suka tashi sama da kansu, gwiwar hannuna ta sauka a kafaɗarta, na ji bakina yana cewa, "Matsa, kar ki taɓa ni."

Ta yi baya ta zauna daɓas. Ba ta yi kuka nan take ba, kallona ta fara yi, irin kallon wanda ya kawo kyauta aka watsa masa a fuska.

Umma ta fito daga kicin. Shaƙa ɗaya ta yi, ta dubi rigata, ta dubi hannayena a sama. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta sure Manaja ta ajiye gefe, ta kinkimo bokiti biyu daga bakin randa kamar ba ita ce ke kukan gwiwa ba, ta ɗora min sabon sabulu a kai.

"Shige. Fara da gashi. Sau uku. Kayan ki turo su ta ƙarƙashin ƙofa, kar ki ninke."

Na shiga na jawo ƙofar.

Ban gama kwara ruwan farko ba aka fara bugu. Can ƙasa, a kan gwangwanin, da ɗan ƙaramin dunƙulen hannu. Kwas, kwas, kwas. "Mama, buɗe." Kukan ya zo yanzu, da shessheƙa. "Mama, buɗe. Na daina." Ban san abin da take zaton ta yi ba da har take cewa ta daina. Na ce mata ina zuwa, ruwa ya cinye muryata. Na dirje kai, na dirje wuya, sabulu ya shiga idona ban tsaya ba. Ga burushin Umma a kan taga inda yake tun ina yarinya, na ɗauka na bi faratana ɗaya bayan ɗaya. Ba a gaggawa da wannan wanka, in ka bar lungu ɗaya ka ɗauki yaro, ka shafa masa. Kuma ba a iya yin sa a natse alhali ana buga ƙofa. Ina wanki na biyu ina lissafin saura na uku.

Sai bugun ya tsaya.

Na ji 'yan ƙafafunta suna tafiya, ɗas ɗas, suna nisa. Na ji ta ce, "Umma, ɗauke ni." Daga nan shiru, sai ɗigar ruwa daga gashina cikin bokiti.

Na tsaya da soso a hannu. Ina tsammanin in ta yi shiru zan samu sauƙi. Wallahi da za a ba ni zaɓi, da na zaɓi ta buga har ƙofar ta ɓalle. Tana bugu, ni take nema. Da ta daina, ta samu wata ke nan, kuma ni ce na tura ta can da gwiwar hannuna. Ina tsirara, kumfa a kunne, ba halin in fita. Ga kishi ga tsoro, na ci gaba da dirza ina kuka kamar wadda aka daka.

Can sai na ji kwas. Sai kuma kwas, kwas. Bugun ya fi na ɗazu nauyi, kuma a jere yake. Na kasa kunne, na ji muryar Umma ƙasa-ƙasa daf da ƙofar.

"Buga, ƙawata. Mamanki na ciki, sauri take yi saboda ke. Buga ki ce ina jira."

"Ina jira," in ji Manaja, muryar duk majina.

"Yawwa. Ƙara bugawa, ba ta ji ba."

"Na ji," na ce. "Ina zuwa. Saura kaɗan."

Haka suka yi ta yi har na gama wanki na uku. In yarinyar ta gaji, Umma ta ce su ƙirga, ɗaya, biyu, biyar, takwas, yadda Manaja ke ƙirgenta. Aka ratayo min zane da riga ta saman ƙofa. Da na buɗe, Umma na durƙushe a kan siminti da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta riƙe dunƙulen hannun Manaja a cikin nata. Ta sake shi, ta ɗan tura ta gaba da yatsa.

Manaja ta tura baki, ta dube ni sama da ƙasa, ta ga hannayena a ƙasa suke. Ta tako ta faɗa jikina. Na ƙanƙame ta har ta ce na matse ta.

Kuka ya gajiyar da ita, ba a jima ba ta yi barci a cinyata a kan tabarmar tsakar gida. Umma ta sa sanda tana ɗaga kayana tana cusawa a baƙar leda.

"Waɗannan sun tashi daga aiki," ta ce. "Kina jin jiri? Ko tashin zuciya? Idonki na gani daidai?"

"Lafiya lau."

"In kin ji ko kaɗan ki faɗa mu tafi asibiti. Ban son jarumta."

Ta ɗaure ledar. Ina kallon bayanta na tambaye ta.

"Umma, me ya sa kika dawo da ita? Ai ta haƙura, ta zo wurinki."

"Shi ya sa."

Ta jingine sandar a bango, ta zauna a bakin baranda, hannayenta a kan gwiwa nesa da jiki.

"Bugun ba shi da ciwo," ta ce. "Yana sa mutum sauri ne kawai. Ke kin fi shekara uku kina buga ƙofar can. Tun kina rarrafe kike zuwa. In ina ciki ina jin ki, in ce yau ma 'yata na nan. Kina shekara huɗu da 'yan watanni kika daina. Ranar Talata ce. Na yi ta kasa kunne, na ce ko barci ya ɗauke ki. Na fito ko ɗaurayewa ban gama ba, na same ki a cinyar tela, tana nuna miki yadda ake zura zare. Ko ɗagowa ba ki yi ba."

"Ba ki ɗauke ni ba?"

"Na miƙa hannu, kika ƙanƙame wuyanta. Ita kuma ta yi dariyar nan tata, ta ce, 'Bar ta, ta saba da ni.'" Umma ta kwaikwayi muryar, har da girgiza kafaɗa. "Matar nan ba ta yi min komai ba sai alheri. Ta rasu ma, Allah ya ji ƙanta. Amma har gobe in na ji ƙarar keken ɗinki raina ɓaci yake."

Dariya ta kusa ƙwace min. "Umma, kishi kika yi?"

"Kishi? Har zarenta na tsana. In ta ɗinka wa 'yar tsanarki riga, ji nake kamar in jefa a murhu. Kika girma kina cewa ita ta raine ki, in tashi in je in buɗe tukunyar da ko wuta babu a ƙarƙashinta." Ta goge gefen ido da bayan damtse, ba da tafin hannu ba. "Ban ga laifinta ba. Amma da sau ɗaya ta ɗauko ki ta kawo ki bakin ƙofar nan ta ce ki buga, da ba ki daina ba. Ba ta sani ba, ba ta taɓa zama a ciki ba. Na fi shekara biyu bayan nan ina sauri a wankan, ko za ki dawo."

Ni da nake zaton ni kaɗai ce a waje ina jira, ban taɓa tambayar kaina me ake yi a ciki ba.

Umma ta nuna gefen tabarma da haɓa. Ta zazzage jakata don ta sha iska, ta jera kayan a kan tsohuwar jarida: waya, mukullai, biro, man leɓe. A gefe ga takardar gidan renon a buɗe, an danne ta da kofi, hoton Manaja a manne, jan sa hannun babanta a ƙasa. Na sha jinin jikina.

"Takardarki ba ta jiƙe ba," ta ce. "In za ki kai ta, ki kai ta, 'yarki ce, ba zan riƙe ki a rai ba. Ina ganin fuskarki in ta ɓuya a bayana. Na san fuskar, na taɓa ɗaukar irinta. Na sha cewa zan rage, in bar ta ta shigo da ƙafarta kamar kowa. In na gan ta sai hannun ya riga ni. Shekara goma sha tara yana sama, yanzu ba ya jin magana."

Ta dafa ginshiƙi ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara.

"Bari in wanke hannu, na taɓa ledar nan."

Ta shiga banɗaki ta jawo ƙofa, ko da yake hannu kawai za ta wanke. Haka ta saba. Na ji ta ɗauki burushi.

Na zame Manaja daga cinyata na kwantar da ita, na sa mata zane a ƙarƙashin kai. Na ɗauki takardar, na kwance bakin baƙar ledar da sanda, na tura ta cikin kayan da suka tashi daga aiki. Sannan na je bakin ƙofar na durƙusa inda Umma ta durƙusa. Daga nan ƙasa na ga abin da ban taɓa gani ba a tsaye: gwangwanin ya lotsa a wuri ɗaya, daidai tsayin ƙaramin yaro, fentin ya goge har ƙarfen yana sheƙi. Ba aikin yau ba ne, Manaja ba ta da wannan ƙarfin.

Na dunƙule hannu na buga a wurin. Kwas, kwas, kwas.

Ƙarar burushin ta tsaya.

"Ta farka ne?" in ji Umma daga ciki.

"Ni ce."

Na ƙara bugawa.

"Umma, na gode. Buɗe, ina jira."

Sakata ta zame. Tana tsaye, kumfa har gwiwar hannu, kuma tana ganina hannayen suka tashi sama yadda suka saba. Na miƙe na shige ta ƙarƙashinsu, na sa kaina a kafaɗarta. Ta fi yadda nake zato ƙanƙanta, sai da na sunkuya.

"Ke, hannuna da sabulu," ta ce. "Ban ɗauraye ba."

"Na sani."

Ta ɗan jima a haka, hannu a sama, kumfa na ɗiga a ƙasa. Sannan na ji su sun sauko a bayana, a jiƙe, sanyinsu ya ratsa rigar da ta ara min.